Malam Za-Mu-Neme-Ka

A kwalejinmu, in kana so ka bambanta tsohon ma'aikaci da sabo, ka ambaci mai gyaran fanka. Tsoho zai fara dariya tun ba ka rufe baki ba. Sabo kuwa sai ya tsaya yana kallonka, har sai an ja shi gefe an ba shi labari.

Lokacin zafi ne, irin wanda takarda ke mannewa a hannu. Fankar ofishin da ke ƙarshen baranda ta tsaya cak, aka aika a kira mai gyara. Shi kuwa bawan Allah, da ya ji an ce kwaleji ce, sai ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta fita unguwa, ya zuba kayan aikinsa a wata baƙar jaka mai kama da ta 'yan boko. Ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa a hankali.

Mai ofishin yana jiran wani ɗalibi ne da zai zo gwajin intabiyu. Ko ɗaga kai bai yi ba.

"Ka makara," ya ce. "Zauna."

Mai gyara ya zauna.

"Me ya sa kake ganin kai ne ka dace da wannan aikin?"

"Yallaɓai, ai ku kuka aika a kira ni."

"Kowa ma kiransa aka yi. Da me ka fi sauran?"

Mai gyara ya waiwaya ko zai ga sauran, bai ga kowa ba. Ya ce shi dai tun yana yaro yake wannan sana'a, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

"Ina kake ganin kanka nan da shekara biyar?"

"In da rai da lafiya, a shagona."

"Wato ba ka da niyyar zama da mu. Mene ne babban rauninka?"

Mai gyara ya yi tunani, ya ce gaskiya in ya daɗe a kan tsani jiri yake ɗibarsa. Mai ofishin bai yi mamaki ba, don ya saba jin abin da ya fi haka daga bakin yaran da tsoro ya kama. Ya leƙo shi ta saman tabarau, ya rufe fayil ɗin da ke gabansa.

"Ka je. Za mu neme ka."

Mutumin ya tashi ya yi godiya, ya fita da baya da baya, fanka tana saman kansa ko kallonta bai yi ba. Daga baya ya rantse mana cewa a kwanakin nan ko wanka da wayarsa yake shiga, kada kwaleji ta kira ba ya kusa. Shi kuma mai ofishin ya ci gaba da zama cikin gumi, yana fifita da fayil, yana ƙorafin masu sana'ar yanzu da za a kira su su ƙi zuwa. Sai da mai gyara ya gaji ya aiko a tambaya ko an ɗauki wani ne, sannan asiri ya tonu. Tun daga ranar sunansa na gaskiya ya koma kan takardar albashi kawai. Kowa Malam Za-Mu-Neme-Ka yake ce masa, masu sauri su ce Malam Za-Mu.

Ofishina ne ke manne da nasa, kuma bangon da ya raba mu katako ne, har tarinsa ina ji. Don haka abin da zan faɗa, rabi na gani, rabi bango ne ya gaya mini.

An buɗe ofishin nasu ne don yaran da suka gama karatu, suka riƙe takardar shaida a hannu, ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa da ita ba. Ana koya musu rubuta takardar neman aiki, a liƙa musu tallan gurabe a allo, a haɗa su da tsofaffin ɗalibai da suka riga su shiga ma'aikatu. Amma abin da ya yi suna a wurin shi ne ɗakuna biyu, ɗaya a bayan ɗaya.

Ɗakin farko na Malam ne, inda yake zama manaja ya yi wa ɗalibai gwajin intabiyu. Akwai ƙaton tebur, da kujera mai juyawa, da kofin ruwa wanda shi kaɗai ke sha, a hankali, yana kallonka. A gaban teburin akwai wata 'yar kujerar katako mai gajeriyar ƙafa ɗaya, in ka zauna sai ta dinga rawa da kai. Kafintan kwaleji ya sha zuwa da guduma zai gyara ta, Malam ya kore shi. Ashe shi da kansa ya rage ƙafar da zarto. Ɗalibi zai shigo cikin aron kwat, ya miƙa takardunsa, Malam ya karɓa ya yi ta karantawa shiru, shiru, har yaro ya fara jin bugun zuciyarsa a kunne. Sannan ya ɗago ya ce, "Faɗa mana ko kai wane ne." A nan ne masu babban sakamako suke mance garinsu.

Ba mugunta ba ce, ko da yake ta yi kama da ita sosai. Kafin ya zo kwaleji, akawu ne a ofishin ɗaukar ma'aikata na wata masana'antar sabulu, wadda ta rufe tuntuni. Aikinsa a lokacin shi ne ya zauna a lungu yana rubutu yayin da manyan ke yi wa masu neman aiki tambayoyi. Daga lungun nan ya ga abubuwa. Ya taɓa ba ni labarin wani saurayi da takardunsa suka fi na kowa kyau, aka tambaye shi sunansa ya ce, "Lafiya lau." Manyan suka yi dariya har da hawaye, aka ɗauki wani. Bayan shekaru Malam ya gan shi a bakin titi yana sayar da katin waya, ya tsallaka ɗaya gefen don kada su haɗa ido.

"Tsoron nan dole sai sun ji shi," ya ce mini. "To gara su ƙarar da shi a ɗakina, inda babu abin da za su rasa."

In yaro ya gama shan wuya, ba ta ƙofar da ya shigo yake fita ba. Akwai ƙofa ta biyu, wadda ke kai shi ɗakin Anti Sannu. Ita mace ce mai jiki, mai sanyin murya, wadda ba ta rabo da butar ruwan sanyi da kwalin tishu. Kalmar farko da take ce wa kowa ita ce ta zama sunanta. Ta zaunar da yaro a kujera mai laushi, ta bar shi ya numfasa, in mai kuka ne ya yi abinsa. Sannan ta shiga gyara masa: ka daina sosa kunne, ka kalli mutum a ido, amsarka ta biyu ta yi kyau ƙwarai, ka riƙe ta. Yara su fita suna cewa Anti kamar tana ganin har hanji.

Abin da ba su sani ba shi ne 'yar tagar da ke bayan kabad, tsakanin ɗakunan biyu. Yayin da yaro ke shan ruwa, Anti ta ce bari ta ɗauko wani abu, ta zagaya bayan kabad, Malam ya turo baki ta taga.

"Ki ce mata ta daina cewa 'wai' a farkon kowace magana. Amma yarinyar nan tana da kai, ki gaya mata. Ta fi duk waɗanda suka shigo yau."

"Kai me ya hana ka gaya mata?"

"In na yabe ta yau, gobe ba za ta ji tsorona ba. Magani ya lalace ke nan."

Saboda kada magani ya lalace, Malam ya kafa wa kansa doka: ba ya yi wa ɗalibi murmushi, ko a ofis ko a hanya. In ya haɗu da su a baranda suka gaishe shi, kai kawai yake gyaɗawa, kamar wanda aka ce ya biya kuɗin kowace kalma. Ba ya cin abinci a kantin kwaleji, kada a ga manaja da mai a baki. Yakan rufe ƙofa ya buɗe kwanonsa shi kaɗai, ina jin ƙarar cokali ta bango. Ranar yaye ɗalibai, da kowa ke ɗaukar hoto da kowa, shi a ofis yake wuni, ya ɗan ɗaga labule yana kallon filin.

Kuma maganin yana ci. Yaranmu suna zuwa intabiyu na gaske su dawo suna cewa ai manajan can ɗan'uwa ne, har kujerarsa ba ta rawa. Suna samun aiki a bankuna da asibitoci da kamfanoni. In albashin farko ya shigo, sai ka gan su sun dawo cikin sababbin takalma, da kwalin biskit a hannu. Su bi barandar nan a kan yatsun ƙafa, su wuce ƙofar Malam suna riƙe numfashi, su faɗa ɗakin Anti da ihu. Wani ma, wanda yanzu yake da direba, na gan shi da idona ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin tagar Malam kamar ɓarawo.

In sun tafi, Anti ta raba biskit biyu ta miƙa rabi ta taga.

"Wane ne ya zo?"

Ta faɗi suna.

"Ban gane ba."

"Mai rawar ƙafa. Wanda ya ce maka burinsa shi ne ya huta."

"Oho! Ya daina rawar?"

"Ya daina. Har an ba shi ofis."

"Madalla," Malam zai ce. Can in ji yana buɗe biskit a hankali, kamar kada ledar ta yi ƙara.

Duk wannan da sauƙi, da a ofis abin ya tsaya. Matsalar ita ce muryar manaja ba ta san lokacin tashi daga aiki ba. Tana binsa har gida. Yaransa sun taso a gaban tambayoyi: Me ya sa ka zaɓi wannan? Da ka sake samun dama me za ka canza? Amma a lokacin gidan ma ɗaki biyu ne. In yaro ya fito daga gaban uba, sai ya faɗa kicin wurin uwa, ita ta ce masa, "Rabu da shi, ɗazu yake gaya mini ka burge shi." Haka suka yi ta tafiya lafiya, har manyan biyu maza suka gama karatu, suka ci intabiyunsu na farko, aiki ya kwashe su zuwa garuruwa masu nisa.

Sai Allah ya yi wa uwar yaran rasuwa. Gida ya koma ɗaki ɗaya.

Aka bar shi daga shi sai Auta, 'yarsa mace tilo. Ita kimiyyar haɗa sinadarai ta karanta, kuma da gangan ta zaɓi wata kwaleji ba tamu ba, don kada ta taɓa zama a kujera mai rawa. Ta gama da sakamako mai kyau, ta shiga neman aiki. Ranar da ta dawo daga intabiyunta na farko, tun ba ta cire takalmi ba ya tare ta.

"Me suka tambaye ki?"

Ta faɗa.

"Me kika ce?"

Ta faɗa.

"Me ya sa kika ce haka?"

Ta dube shi, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Ba a ɗauke ta ba. Na biyu ma haka. Daga nan ta daina gaya masa. Sai dai ya tashi da safe ya ga baƙin takalminta a goge a bakin ƙofa, ya san yau akwai. Da yamma ya dawo ya ga takalmin ya yi ƙura, an jefar da shi ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya san yadda aka yi. Su zauna cin abinci, shi a wannan gefen, ita a wancan, kujerar uwar a tsakiya babu kowa. Ba abin da ake ji sai "Ƙara?" da "Na ƙoshi."

Mutumin da ya shirya yaran mutane ɗari-ɗari, ga tasa tana dusashewa a gabansa, kuma ya san sarai abin da ke kayar da ita, don ya ga yadda take haɗiye ƙarshen magana in ta tsorata. Amma duk lokacin da ya buɗe baki zai taimaka, tambaya ce ke fitowa. Abin da ya fi tsorata shi ba rashin aikin ba ne. Ya ce mini wata rana, yana kallon allon talla ba ni ba, "Yarinyar nan ta fara gaishe ni irin gaisuwar ɗalibai."

Wata ranar na ji shi a taga, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Anti, in yaro ya fito daga ɗakina, me kike fara ce masa?"

"Sannu."

"Sai me?"

"Sai in yi shiru."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Malam. Albashin da nake ci ke nan shekara da shekaru, kada ka gaya wa kowa."

Ya tafi da wannan ilimi gida. Da yamma Auta ta shigo a gajiye, ya gyara zama, ya leƙo ta ta saman tabarau, ya ce, "Sannu." Sai dai da muryar manaja ta fito, kamar alƙali yana yanke hukunci. Yarinya ta saki jaka ta ce, "Baba, me na yi?" Ya tuna mataki na biyu, ya yi shiru. Shirun nan kuwa ta san shi, shi ne wanda ke zuwa kafin babbar tambaya. Ta ɗauki jakarta ta gudu ɗaki.

Washegari Anti ta yi dariya har ta riƙe kabad. Da ta gama ta ce, "Ba ni lambar 'yata." Abin da suka tattauna ban sani ba. Na dai san sharaɗin da Auta ta kafa: za ta zo ofis, ranar Asabar da safe lokacin da babu ɗalibai, amma ita ce za ta zauna a kujera mai juyawa.

Na shigo ranar ne don duba takardun jarrabawa, kuma Allah ya sani na yi niyyar dubawa.

Na ji ƙwanƙwasa ƙofa. Na ji muryar mace ta ce, "Ka makara. Zauna." Na ji kujerar katako ta yi ƙara, ƙwas, ƙwas, tana neman daidaito a ƙarƙashin mutumin da ya rage mata ƙafa. Anti ta gaya mini daga baya cewa har tabaransa Auta ta karɓe ta ɗora a karan hanci, ta jawo kofin ruwansa gabanta. Sai shiru. Ta yi ta juya wata takarda, wadda ashe jadawalin sharar ofis ne. Shirun ya yi tsawo har ni da ke bayan bango na fara gyara wuyan rigata.

"Faɗa mana ko kai wane ne."

Malam ya yi gyaran murya. Ya ce shi babban jami'i ne a sashen jagorar masu neman aiki, kafin nan ya yi aiki a masana'antar...

"Ban tambaye ka aikinka ba. Na ce kai wane ne."

Ƙwas, ƙwas.

"Ni... babanki ne."

"Kowa ma baban wani ne. Da me ka fi sauran?"

Na toshe bakina da takardar jarrabawar wani.

"Gurbin da muke da shi," in ji Auta, "na mai zama a falo ne da yamma. Ana son wanda in mutum ya dawo a gajiye zai iya yi masa hira ba tare da tambaya ba. Ka taɓa yin irin wannan aikin?"

"Ban taɓa ba." Sai ya ƙara da amsar da shi kansa yake koya wa yara ta bakin Anti: "Amma ina koyon abu da sauri."

"Mun ga alama. Ranar nan ka ce wa wata sannu, har yanzu ba ta warke ba. Ka daina rawar ƙafa, don Allah."

"Kujerar ce."

"Kowa haka yake cewa. Mene ne babban rauninka?"

A nan kujera ta daina ƙara. Fanka tana juyawa a sama, wata mota ta wuce a waje. Da ya yi magana, ba muryar da na saba ji ta bango ba ce. Wata ce, ƙarama, kamar wadda aka daɗe da ajiyewa a akwati.

"Duk abin kirkin da nake so in gaya muku, uwarki nake gaya wa, ita ta kai muku. Tun da ta tafi ban san inda zan kai shi ba. Yana nan, Auta. Ya taru da yawa."

Sannan na ji an ja hanci, na ji an rufe fayil da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

"Ka je," ta ce. "Za mu neme ka."

Ya miƙe, kuma da yake ya san doka, ta ƙofa ta biyu ya fita. Karon farko ke nan a duk shekarunsa da ya shiga ɗakin Anti a matsayin wanda aka kora. Anti ta nuna masa kujera mai laushi, ta zuba masa ruwa, ta ce, "Sannu." Bai gama sha ba sai ga manaja da kanta ta biyo shi, tabarau a hannu, fuska jiƙe. Anti ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce ita kofinta ɗaya ne, sai su yi haƙuri su raba. Ta tura musu kwalin tishu, ta zagaya bayan kabad ta daɗe tana neman abin da babu.

Bayan wannan Auta ta yarda ta zauna a kujera mai rawa, Asabar bayan Asabar. Bai rage mata komai ba, har ma ya ƙara. Bambancin kawai shi ne in sun gama sai ya cire tabarau, ya zagayo ya zauna a bakin tebur, ya faɗa mata da bakinsa abin da ya yi kyau. Da farko kamar mai haɗiye ƙwaya yake yi. A hankali ya fara wucewa.

Tallan gurbin kuwa shi ya fara ganinsa. Wani kamfanin tace ruwa ne ke neman mai gwaji a ɗakin bincike, kamar don ita aka rubuta. Sai dai garin yana da nisa, tafiyar wuni guda a mota. Na same shi a gaban allo da takardar a hannu ɗaya, ƙusa a ɗaya, ya tsaya kamar wanda ya mance abin da ya zo yi.

"Malam, lafiya?"

"Aikin namu ke nan," ya ce. "Ka gyara mutum tsaf, ka raka shi ƙofa."

Ya liƙa ta a allo don kowa ya gani, ya kuma kai mata kwafi gida da hannunsa.

Ta je intabiyu, ta dawo tana cewa manajan can ɗan'uwa ne. Takalmin ya kwana a jere a bakin ƙofa, ƙafa biyu wuri ɗaya. Da suka kira ta suka ce an ɗauke ta, a falo ta same shi, ya buɗe baki zai tambayi nawa ne albashin da wane ne shugabanta, sai ya kama kansa. Ya ce, "Kin burge ni." Ta ce saura kaɗan ta sake sakin jaka.

Ranar tafiya ya raka ta tashar mota da safe, ya sa aka ɗaure akwatinta, ya sake sa aka kwance aka ɗaure. Da mota ta fara motsi, ta leƙo ta taga.

"Baba! Ka ci intabiyun, amma gurbin ya koma waya. Za mu neme ka!"

Ya ɗaga hannu har motar ta sha kwana. Sannan ya zo ofis, duk da an ba shi hutun ranar.

Tana nemansa kuwa. Sai dai aikin nata na canji ne, wani mako safe wani mako yamma, babu wanda ya san lokacin da za ta samu sarari. Shi kuma ba ya kira, wai kada ya katse mata aiki a gaban shugabanta. Don haka mutumin da ke korar ɗalibi in wayarsa ta yi ƙara a ɗakin nan, yanzu tasa tana kan tebur kusa da kofin ruwa, fuskarta a sama. Kwanan baya yana tsakiyar gasa wani yaro wayar ta yi ƙara, ya ɗauka, ya ce, "Autana, kin tashi?" da wani murmushi har kunne. Yaron ya fito ya baza a kwaleji cewa Malam Za-Mu yana da haƙora. Anti ta ce maganin bana ya lalace ke nan. Duk da haka har yau babu wanda ya kawo biskit ƙofar farko, kuma da rana ina nan ina jin ƙarar cokali ɗaya ta bango. Da yamma ya koma gidan da kujeru uku ke kallonsa.

Shi ma mai gyaran fanka yana nan. In ya shigo kwaleji wani aiki, sai ya leƙa ta ƙofa ya ce, "Yallaɓai, ina nan ina jira fa."

Makon jiya muna shan shayi a baranda, mun samu mun jawo Malam ya zauna da mu, sai ga mai gyaran ya wuce da tsaninsa. Wani cikinmu ya kasa haƙuri.

"Malam, ka ji tsoron Allah ka ɗauki bawan Allahn nan aiki. Mutumin da ka sa yana shiga wanka da waya!"

Kowa ya fashe da dariya. Malam ya bari muka gama. Ya ciro wayarsa daga aljihu, ya duba fuskarta, ya mayar.

"Ku daina yi masa dariya," ya ce. "Ai daidai ya yi. Kuskurensa ɗaya ne, bai san a leda ake sa ta ba."